Tayoyin Firinta da Cokalin Umma

Umma ta daina cin abinci, kuma ba don maƙogwaronta ya ƙi haɗiya ba. Likita ya duba, ya ce haɗiyarta lafiya lau. Abin da ya faru shi ne, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ta, hannunta na dama yana ɗagawa amma yatsun ba sa rufewa. Ka sa mata cokali a tafi, sai ya zame ya faɗi a cinya. Aka ce to ta ci da hagu, ai lalura ce. Ta yi wa wanda ya faɗa kallon da ya sa ya nemi ƙofa. Aka ce to a ba ta a baki. Ta datse haƙora ta juya wa mutane baya.

Har malami aka kawo mata, ya zauna a bakin ƙofa ya yi bayani tiryan-tiryan cewa addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Umma ta saurare shi tsaf. Da ya gama, ta ce da bakinta da ya ɗan karkace, ita ba musu take yi da addini ba, ta san da rangwamen. Amma tun da aka yaye ta ba ta taɓa kai hagu cikin kwano ba, ba kuma da furfura za ta fara ba. Batun ba ta a baki kuwa, ita da ta ciyar da gida guda ba za a ɗaura mata tsumma a wuya ana lallashinta ta buɗe baki ba. Shayi da ruwa take zuƙa da ɗan bututun roba, su kaɗai suka riƙe ta, kuma kowa na gani tana zubewa. Zoben da ke yatsanta ma har juyawa yake yi.

A gidan autarta Nafeesa take jinya, a Dutse Alhaji da ke Abuja, domin nan ne kusa da asibiti, ga shi kuma an tura mijin Nafeesa aiki Yola, gidan ba hayaniya. Nafeesa mai zanen gine-gine ce a wata ma'aikatar tarayya. A zuwansu asibiti na ƙarshe likita ya faɗa musu ƙarara: idan tsohuwar ta ci gaba da ramewa, ranar Litinin ta sama za a zura mata robar abinci ta hanci. Yayansu Abdulmajeed ya ce ya amince tun kafin likitan ya rufe baki. Nafeesa kuwa zuciyarta tafasa take yi. Ta san Umma. Matar da ta ƙi cokali a hannun 'yarta, a ce an danne ta an zura mata roba a hanci? Wallahi baƙin cikin ma kaɗai ya isa ya ƙarasa ta.

Nafeesa na da wata firinta da ta sayo don nishaɗi, irin wadda ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take narkewa, ta riƙa ɗora shi layi kan layi har abu ya tashi da jikinsa, ka ɗauka ka riƙe. Da ita take fitar da ƙananan gidaje na gwaji, masu taga da matakala, ta jera a kan kabad. 'Yan uwa sun sa wa injin suna mashin ɗin 'yar tsana, ita kuwa ko a jikinta. A hanyar dawowa daga asibiti ne tunanin ya faɗo mata. Hannun Umma ai yana ɗagawa, riƙo ne kawai babu. To me zai hana ta ƙera wani abu kamar munduwa da zai zagaye tafin, da rami a jikinsa inda za a soke cokali? Tana isa gida ta auna tafin Umma da zare, ta buɗe kwamfuta ta zana.

Sai dai akwai abin da ya sami firintar a kwanakin da suke asibiti. Ɗakin da take ciki shi aka gyara wa Umma, don haka aka kwance ta aka fito da ita falo gunduwa-gunduwa. Abdulmajeed ne ya sake haɗa ta, don kirki, ba tare da an roƙe shi ba. Shi injiniyan hanya ne, rabin rayuwarsa ta aiki a kan titin Abaji zuwa Lokoja ya yi ta, inda girgiza ke kwance noti ta yar a daji. Daga nan ya ɗauko aƙidarsa, kuma ba ya sassautawa: duk abin da ya motsa, ɗaure shi. Janaretansa, famfon gidansa, murfin kwalbar zuma, ba wanda ke iya kwance abin da Abdulmajeed ya ɗaure. Matarsa har jiransa take yi ya dawo aiki ya buɗe mata filas. Da ya gama haɗa firintar ya girgiza ta da hannu biyu, ko gezau, ya ce yanzu ta zama inji, da can 'yan kamfanin wasa suka yi. Wasu 'yan siraran zobban ƙarfe, wato wosha, da suka yi saura kuwa ya zuba su a faranti ya ajiye a kan taga, ya ce kowane inji yana zuwa da ragowa.

Nafeesa ta yi masa godiya a lokacin, har da rusunawa. Shi ne babba, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, kuma a gidansu ƙanwa ba ta bin bayan aikin yaya da dubawa. Umma kanta ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, Injiniya take ce masa, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci da zolaya.

Munduwar farko da firintar ta fitar abin kunya ce. Inda ya kamata ya zama santsi sai ga kunya-kunya kamar gonar dankali, ramin cokalin ya karkace, gefen kuma kaifi. Nafeesa ta goge abin da za ta iya gogewa ta kai wa Umma, don ba ta da lokacin jan aji. Umma ta yarda aka zura mata, abin da ya ba kowa mamaki. Ta ɗaga hannu, cokalin ya kwanta gefe, kunun ya tsiyaye a zaninta, kaifin robar ya karce mata bayan hannu har ya yi ja. Ta sa hagu ta fizge abin ta ajiye a gefe, ta juya baya. Juya bayan nan ya fi zagi yi wa Nafeesa ciwo.

Abdulmajeed yana tsaye yana kallo. Ya ce daman ya faɗa, kayan wasa kayan wasa ne, kuma ba a gwaji da ran mutum. Amma da yake shi ma ɗa ne, kuma yana ƙaunar uwarsa, sai ya fita mota ya ɗauko sifana, ya ce tabbas wani abu ne ya saki. Ya bi notunan 'yan tayoyin da ke jikin firintar ɗaya bayan ɗaya ya ƙara murɗe su har jijiyar wuyansa ta tashi. Tabɗi! Abin da firintar ta fitar bayan wannan ko kare ba zai yarda munduwa ba ce. Ta yi rabi, sai kan injin ya yi ƙara ya tsallake, sauran rabin ya tashi can gefe kamar ginin da aka ture. Yaya ya ce to an gama, injin ne ba shi da kyau, a shirya wa Litinin.

Washegari da safe, bayan ta shirya Umma, Nafeesa ta kira ofis ta ce ba za ta shigo ba, ta zauna a gaban firintar. Ba ta kunna ba. Kan injin, wanda ke ɗauke da bakin da roba ke fita, yana tafiya ne a kan ƙarfe mai kwari, kuma ƙananan tayoyin roba uku ne ke riƙe da shi, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Farantin da abu ke tashi a kai shi ma haka, tayoyi ke ɗauke da shi. Ta sa yatsa ta tura kan a hankali. Da can in ta tura shi sulalewa yake yi. Yanzu sai da ta sa ƙarfi, kuma tana ji a yatsanta yana cijewa yana saki, yana cijewa yana saki, kamar mota a kan titin da aka jera wa tudun rage gudu. Ta gwada juya taya ɗaya da yatsa, ta ƙi ko motsi. A cikin kwarin ƙarfen kuwa ga wani baƙin gari ya taru, ta shafa ta duba, robar tayoyin ce ke cinyewa.

Kwance notin farko sai da ta taka ƙafar injin da gwiwa ta rataya a kan sifana. Da tayar ta fito, ta ɗaga ta wajen haske. Gefe ɗaya ya baje, inda aka matse ta a jikin ƙarfe ta kwana a haka. Ta juya ta, boris ɗin ciki, zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye da tayar ke juyawa a kai, ya yi ƙarar yashi. Kowace taya boris biyu ne a cikinta, ɗaya ta kowane gefe. Ta ture su waje da bayan biro, ta leƙa tsakaninsu, ba komai. Sai idonta ya kai kan taga. Ta tashi ta ɗauko farantin nan na ragowa, ta ɗauki wosha ɗaya ta ɗora a kan zoben ciki na boris ɗin, ta zauna daram kamar don shi aka yi ta. Ashe ita ce ke tokare tsakanin boris biyun, don in an ɗaure noti ƙarfin ya bi ta cikinta, kada ya murƙushe ƙwallayen. Yaya ya kwance tayoyin don ya share musu ƙura, ya mayar ba wosha, sannan ya ɗaure su ɗaurin tirela.

Ta daɗe zaune da tayar a hannu. Haushi ta ji, haushi na gaske, har da ƙwalla. Ba injin ne ya gaza ba, ba zanenta ne ya gaza ba, kuma a kan wannan za a zura wa Umma roba. Amma ta san me kwance sauran ke nufi. Ranar Asabar Yaya zai zo, zai ga aikinsa a warwatse a kan tabarma, zai gane ƙanwarsa ta bi bayansa ta ce bai iya ba. Ta tuna bayan hannun Umma da ya yi ja. Ta jawo sifana ta kama noti na biyu.

Tayoyin da suka baje ba su gyaruwa, sai sababbi, kuma ba a sayar da su a kasuwar Dutse. Akwai wata Christina a Mararaba, mai irin wannan injin, tana ƙera kayan adon kek da maƙalan makulli, a wani zauren masu firinta na waya suka san juna. Nafeesa ta bar Umma da maƙwabciya ta kama hanya. Cunkoson Nyanya ya yi mata abin da ya saba yi wa kowa, rana ta dafa ta a mota, masu talla suka gama nuna mata duk abin da ake sayarwa a duniya. Christina ta fito mata da leda cike da tayoyi da boris sababbi fil, ta ce ta yi odar su da yawa ne. Da ta ji dalilin sai ta dafa ƙirji, ta ce cikin Hausarta ta Mararaba, "Mama zai ci abinci, ki gani. Je ka, je ka, kar ki tsaya gaisuwa." Nafeesa ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta juyo.

Ranar Asabar da hantsi Abdulmajeed ya yi sallama, ɗauke da ledar lemo da ayaba wadda ya san ba za a ci ba. Ya tsaya a ƙofar falo. Firintar na kwance a kan tabarma, tsoffin tayoyin a gefe, ƙanwarsa zaune ta miƙe ƙafa, farantin ragowarsa a gabanta. Nafeesa ta gaishe shi yadda ta saba, ta tambayi iyali, sannan ta ci gaba da abin da take yi. Ya tambayi wa ya kwance injin. Ta ce ita ce. Ya tambayi dalili. Ta miƙa masa taya ɗaya da ta baje.

Ya juya tayar a hannu, ya ga bajewar, ya ce robar banza ce, shi ya sa. Nafeesa ta jawo ledar Christina. Ta ɗauki sabuwar taya ta ajiye a kan katako, ta ɗora boris a bakin ramin, ta daidaita shi sosai kada ya shiga a karkace, ta danna da manyan yatsunta biyu a kan zoben waje har ya zauna. Ta kifa tayar, ta jefa wosha a ciki, ta zura ƙusar da noti ke kamawa don woshar ta tsaya a tsakiya, sannan ta danna boris na biyu. Ta ɗaura ta a jikin kan injin, ta murɗa noti har ya kama, ta tsaya nan. Ta buga tayar da yatsa, ta yi ta juyi shiru ba ƙara. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye a kanta, ledar lemon har yanzu a hannunsa.

Tayar ƙasa ita ce mai sirrin. Tana zaune a kan wani noti da ba a tsakiya aka huda shi ba, don haka in ka juya shi kaɗan sai tayar ta matso jikin ƙarfe, in ka mayar ta ja baya. Nafeesa ta zura kan injin a kan ƙarfensa, ta girgiza shi, yana lilo. Ta juya notin ɗan kaɗan, ta sake girgizawa. Ta ƙara ɗan kaɗan. Lilon ya tsaya. Sai ta riƙe kan da hannu ɗaya, ta sa yatsa ta murza tayar, tayar ta juya da ɗan jan ƙafa, tana gogar ƙarfen ba tare da ta cije ba. Ta ajiye sifana.

Nan fa Abdulmajeed ya kasa haƙuri. Ya ce tayar da yatsa ke juyawa ai ba a ɗaure take ba, ko yaron makanike ya san wannan. Ya ajiye leda, ya durƙusa, ya miƙa hannu zai ɗauki sifanar. Nafeesa ta riga shi, ta ɗora tafinta a kai.

"Yaya, kar ka taɓa."

Tun da take ba ta taɓa ce masa kar ba, ita kanta sai da ta ji kalmar ta yi mata nauyi a baki. Ya kalle ta, ya ce da shi take magana?

"Da kai nake, Yaya, kuma ka yi haƙuri. Wannan ba tirela ba ce. Ɗaurinka ne ya kashe waɗancan, in ka taɓa waɗannan su ma mutuwa za su yi, kuma ba ni da wasu."

Fuskarsa ta yi baƙi. Ya ce ya gode, yau ya ga ranar da yarinyar da ya goya za ta koya masa ɗaure noti. Ya ce ta yi ta wasanta, amma ta sani Litinin da safe zai zo da mota, kuma ko ta so ko ta ƙi za a sa robar, domin shi ba zai zauna yana kallon uwarsa tana mutuwa da yunwa don a faranta wa mashin ɗin 'yar tsana ba. Nafeesa ta ce ta ji. Amma hannunta bai bar kan sifanar ba sai da Yaya ya miƙe. Ta ɗauka zai fita ya buga ƙofa. Bai fita ba. Ya shiga ya gaida Umma, ya dawo ya zauna a kujerar da ta fi nisa da injin, ya ɗaure fuska ya buɗe jarida. Girman kai ya hana shi kallo, ya kuma hana shi tafiya.

Ta gama tayoyin faranti da na gefe, kowace ta yi mata gwajin yatsa. Ta goge baƙin garin nan daga cikin kwari, ta daidaita faranti, ta yi bismilla ta kunna. Kan injin ya tashi yana kai da komo, ba cijewa, ba tsalle, sai ɗan zuzu kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. Layin farko ya kwanta sumul. Aikin mai cin lokaci ne, don haka ta shiga kicin ta ɗora faten tsaki da yakuwa, wanda Umma ta fi so, mai kauri yadda ba zai tsiyaye daga cokali ba. Duk fitowar da za ta yi sai ta leƙa injin, kuma sau biyu tana kama jaridar Yaya ta sauka ƙasa da idonsa. Aka kira azahar, ya fita masallaci, ya dawo ya zauna a kujerar dai. Ta ajiye masa abinci, bai taɓa ba.

Bayan la'asar injin ya yi shiru. Nafeesa ta ɓamɓare munduwar daga faranti. Santsi take ko'ina, ramin cokalin a miƙe, gefen a zagaye kamar yadda ta zana. Ta shafa ta a kumatunta don ta ji ko akwai inda zai karce, babu. Ta soke cokali, ya shiga ya tsaya cak. Ta zuba faten a kwano ta nufi ɗakin Umma, ta ji takun Yaya a bayanta.

Umma na jingine da filo, kuma daga ganin idonta ta ji duk abin da aka faɗa a falo. Ta kalli munduwar, ta kalli tabon da ta farkon ta bar mata, ta kalli Nafeesa. Nafeesa ta durƙusa ta ce, "Umma, sau ɗaya kawai." Tsohuwar ta miƙo hannun. Abin ya zauna a tafinta lafiya, cokalin ya leƙo ta tsakanin babban yatsa da manuni, inda cokali ke zama a hannun kowa.

Ta tsoma shi a kwano. Hannun ya taso yana kakkarwa, ya kai rabin hanya, faten ya zube a kan zani. Kafin Nafeesa ta motsa, Abdulmajeed ya riga ya kai bakin gado. Ya kama wuyan hannun Umma da ƙaton hannunsa, riƙo irin nasa, ya ce bari ya taimaka ya kai mata. Umma ta tsaya. Ba ta ja hannun ba, ba ta da ƙarfin ja. Ɗago kai kawai ta yi.

"Injiniya, sake ni."

Ya ce ai zubewa yake yi, Umma.

"Nawa ne. Sake ni."

Ya saki. Shatin yatsunsa ya fito a fatarta. Ta sake tsoma cokalin, ya sake zubewa, wannan karon a ƙirjinta. Nafeesa ta cije leɓe ta ɓoye hannuwanta a bayanta, don su ma ƙaiƙayi suke yi su kai agaji. Umma ta ja numfashi, ta sunkuyo da kai ta taro cokalin a hanya, rabin abin da ke ciki ya shiga baki, rabi ya sauka a haɓa. Ta tauna. Ta haɗiye. Ta rufe ido ta ce alhamdulillahi, a hankali, sannan ta koma kwanon. Nafeesa ta fashe da kuka, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Umma ta ci kusan rabin kwano, zani da filo su ma sun ci nasu. Can ta cika cokalin, amma maimakon ta kai bakinta sai ta juya shi wajen ɗanta, wanda ke durƙushe a bakin gado ya rasa inda zai sa hannunsa. Cokalin na rawa a gaban gemunsa mai furfura.

"Buɗe baki," in ji ta.

Ya ce Umma, shi ya ƙoshi. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba. Babban mutum, mai direba da ofis da mutane a ƙarƙashinsa, ya kalli ƙanwarsa kamar za ta cece shi, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya buɗe baki. Umma ta zura masa cokalin, faten ya ɗiga a gaban rigarsa fara. Ya haɗiye da ƙyar, kunya ta rufe shi har kunnuwa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Da daɗi a ba ka a baki?"

Ya girgiza kai.

"To Litinin ɗin, ka je kai kaɗai."

Ta mayar da cokalin cikin kwano ta ci gaba da cin abincinta. Abdulmajeed ya daɗe a durƙushe, sannan ya sa hannu ya gyara mata kwanon da ke neman zamewa daga cinya, ya tallafe shi da yatsa biyu kawai, ya bar shi a haka. Nafeesa ta share ido ta tashi ta tafi kicin ƙaro fate.